Baba Ari Ya Je Gyara wa Malama Karatu

Shekara arba'in da ɗoriya Baba Ari ya yi yana haƙar rijiya a cikin birnin Kano. Daga Koki, inda gidansa yake, har Ƙofar Ruwa da gindin Goron Dutse, da wuya ka bi lungu ka rasa gidan da ake shan ruwan da ya tono. Kakanninsa daga Barno suka zo fatauci suka zauna, shi kuwa tun yana saurayi ya ce kasuwa ba tasa ba ce, ya ɗauki dagi. Yanzu gwiwa ta ƙi, ga masu burtsatse sun shigo da motarsu mai gigita unguwa, sai ya koma zaman tabarma. Abu ɗaya ne bai ajiye ba. In dai maganar abin da ke ƙarƙashin ƙasa ce, ba ya yarda akwai wanda ya fi shi sani.

Ran wata Litinin bayan azahar yana kishingiɗe a inuwar tsakar gida, sai jikarsa Fanna, 'yar aji biyar a firamaren unguwa, ta yi sallama. Tana riƙe da baƙar leda nesa da farin hijabinta, fuskar nan a murtuke.

"Amarya, me kika kawo mini?" in ji shi. "In ƙosai ne miƙo tun da zafinsa."

"Kai dai komai ƙosai. Duniya ce."

Ta zazzage ledar a gabansa. Wani dunƙulen laka ne kamar curin fura, ya dare gida uku, gefe guda yana ta zubar da gari.

Baba Ari ya riƙe haɓa. "Duniyar ce ta koma haka? Ashe ana ta tashin alƙiyama ina nan kwance ban sani ba."

Fanna ba ta yi dariya ba. Ta ce malamarsu, Malama Bahijja, ita ta sa kowa ya cura duniya da laka, hawa huɗu, wani cikin wani, in ya bushe a raba shi biyu a ga cikinsa. Na waje shi ne ɓawo, wanda muke takawa. Ƙarƙashinsa akwai wani mai kauri da ake ce wa mantul.

"Man me?"

"Mantul."

"Mantileta dai, wanda kakarki ke shafa mini a gwiwa."

"Allah Baba ka bari. Dutse ne mai zafi. In ka wuce shi sai narkakken ƙarfe yana ta juyawa kamar kunu. Can tsakiya kuma curin ƙarfe ne, zafinsa ya fi na kowace maƙera."

Nan fa tsoho ya tashi zaune sosai. Wasan ya fita daga fuskarsa.

"Wa ya ce?"

"Malama."

"Ki buɗe kunne ki ji. Ni na shiga cikin ƙasar nan fiye da yadda malamarku ta shiga aji. Jar ƙasa na sani, marmara na sani, yumɓu da yashi da dutse duk na san su. Duk yadda ka ƙara nisa sanyi kake tararwa, ƙarshe ruwa ya taso maka a ƙafa. Ban taɓa fitowa da ƙuna ko a ɗan yatsa ba."

Matarsa Ya Kaka tana bakin murhu tana tuƙa tuwo, ba ta ko waiwayo ba ta ce, "Malam, ka bar yarinya ta cire kayan makaranta."

"Gobe zan je makarantar da kaina."

"Ka je. Ka tafi da allonka, wataƙila su ɗauke ka aji ɗaya."

Washegari kuwa ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya kafa hula, ya ɗauki sanda. Fanna ta roƙe shi, ta yi magiya, har ta ce za ta riƙa matsa masa ƙafa kullum in ya fasa. Da ta ga ba ya ji, sai ta yi gaba da sauri, ta bar tazarar gida uku tsakaninsu don kada a ce tare suke.

A bakin ofis suka yi kiciɓis da hedimasta, Malam Ɗalha, wani dogon Bafillace siriri wanda suka daɗe suna wasan Barebari da Fulani.

"A'a! Yau bawana ne ya tuna da ubangidansa?" in ji Malam Ɗalha.

"Na zo ne in duba ko iska ta ɗauke ka. Ashe har yanzu kana maƙale. Ina ajin su Fanna? Akwai karatun da ya karkace, na zo in miƙe shi."

Malam Ɗalha ya danne dariya, ya raka shi har ƙofar aji, shi ma ya tsaya daga baya don kada a ba shi labari.

Yara sun haura sittin a ajin. Malama Bahijja ba ta wuce shekara biyu da fara koyarwa ba, 'yar gajera ce mai sanyin murya, hannunta duk alli. Ta russuna ta gaishe shi, ta jawo masa kujerarta. Baba Ari ya zauna, ya gyara riga, ya faɗi abin da ya kawo shi tiryan-tiryan, bai rage komai ba. Fanna ta kifa kai a kan benci.

Malama ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Baba, a duk rijiyoyin da ka haƙa, wacce ta fi zurfi?"

Tambayar ta yi masa daɗi. "Ta gidan wani majemi a gindin Goron Dutse. Gaba goma sha huɗu. Wata biyu na yi a cikinta. In ka ɗaga kai daga ƙasa, bakin rijiyar bai fi faifai ba."

Yara suka ce, "Kai!"

"Baba ka san Wudil?"

"Na san Wudil tun ba a haifi babanki ba."

"To ɓawon nan da muke takawa, kaurinsa a nan wajenmu ya kai kamar daga nan zuwa Wudil, amma a tsaye, ana nutsawa ƙasa. Tsakiyar duniyar kuwa, nisanta ya kusa zuwa Makka sau biyu." Ta zare allura daga gefen mayafinta, ta ɗauki wani curin laka a kan tebur, ta ɗan taɓa shi da tsinin. "In wannan ce duniya, ɗan ɗigon nan da na yi ya fi rijiyar majemi zurfi nesa ba kusa ba."

Ajin ya kwashe da dariya. Malama ta ga fuskar tsohon ta canza, nan take ta yi da-na-sanin allurar, ta daka wa yaran tsawa. Baba Ari ya ji abin har cikin ransa. Wata biyu yana sara dutse a cikin duhu, igiya ta cinye masa tafin hannu, yau an mayar da aikin ɗigon allura a gaban jikoki. Sai ya ɗago kai.

"Malama, ke kin je can tsakiyar?"

"Ban je ba, Baba."

"Wanda ya rubuta littafin naki ya je?"

"Shi ma bai je ba. Babu wanda ya taɓa zuwa."

"To madalla." Ya waiwayi yaran ya buɗe hannu. Suka sake kwashewa da dariya, wannan karon a ɓangarensa. Har Fanna ta ɗan ɗago kai.

Malama ta yi murmushi. "Baba, in tambaye ka. In an kira ka gida, yaya kake sanin inda ruwa yake tun ba ka fara haƙa ba?"

"Wannan ai sana'a ce. Ina duba shuri, ina duba irin bishiyar da ta yi kyau a wurin. Sannan in buga gindin dagi a ƙasa in kasa kunne. Inda dutse yake kusa, amsawarsa daban. Inda ƙasa take da laushi har ciki, ita ma daban."

"Ba ka gani ba ke nan, ji ka yi."

"Ji na yi."

"To su ma haka suka yi. In an yi girgizar ƙasa a wata nahiya, motsin yana ratsa cikin duniya ya ɓullo ta wani gefen. Suna da na'urorin da ke sauraronsa. Yadda yake wuce dutse daban, yadda yake yi in ya tarar da abu narkakke daban. Da haka suka gane hawa-hawan. 'Yan sana'arku ne, Baba, kunnensu ne kawai ya fi tsawo."

Baba Ari ya kawar da kai. Ya nemi inda zai ajiye idonsa, sai ya sauka a kan taga, inda aka jera duniyoyin yara sun fi talatin, kowacce ta tsattsage, wasu sun zube sun koma gari. Ya miƙe ya ɗauki guda, ya murza a yatsa, ya sansana.

"Wa ya kwaɓa wannan?"

Malama ta sunkuyar da kai. "Ni ce. A bayan aji muka ɗebi ƙasar, muka daka alli mai launi muka zuba."

"Wannan ai ba laka ba ce, shara ce aka ba ta ruwa. Ga tsakuwa, ga ledar alewa. Kuma a rana kuka shanya?"

"A rana."

"La ilaha illallahu. Kin san abin da ke nisan Makka sau biyu, ba ki san wanda ke ƙarƙashin takalminki ba."

Malam Ɗalha ya tuntsire da dariya daga bakin ƙofa. Malama ma ta rufe baki da mayafi tana dariya, ta ce wallahi sau biyu ke nan suna yi yana fashewa, har ta fara tunanin ta haƙura ta zana musu a allo kawai.

"Kada ki zana," in ji Baba Ari. "Ranar Alhamis zan kawo miki ƙasa ta gaskiya. Amma ki sani, ba yarda na yi da wutar ba. Wulaƙanta ƙasa ne ba na so."

Da ya koma gida ya ba Ya Kaka labari, yadda ya tsara shi, shi ne ya yi nasara tun daga farko har ƙarshe. Ta bar shi ya gama tana tsince shinkafa a tire, sannan ta ce, "Malam, ka tuna shekarar da muka je bikin ƙanwata Uwani, can gaba da Maiduguri?"

"Me ya kawo wannan?"

"Ka tuna bututun nan na bakin gari, wanda ruwa ke fitowa da kansa ba a bugawa? Aka ce mana ya fi kowace rijiya zurfi. Ka tara hannu za ka yi alwala, ka yi tsalle har hularka ta faɗi."

"Rana ce ta dafa bututun."

"Da asuba?"

Baba Ari ya dubi bango, ya dubi sama, ya ce shinkafar nan kamar tana da tsakuwa da yawa, ta kula da kyau.

Ranar da yamma ya tari mai adaidaita sahu, suka zaga gari da buhuna huɗu. Jar ƙasa ya ɗebo a gindin Goron Dutse. Yumɓu mai ruwan ɗorawa ya tono a gefen wani tsohon kududdufi da ya sani tun kafin gine-gine su cinye shi. Baƙar laka ya samo wajen Ƙofar Ruwa, farar ƙasa kuwa a kasuwa. Ya baje su a tsakar gida, ya daka, ya tankaɗe da rariyar Ya Kaka tun kafin ta ankara. Da ta gani ta saki salati.

"Rariyar garin tuwona, Malam?"

"Ilimi za a yi da ita."

"To yau ilimin za ka ci da miyar kuka."

Ya zuba ɗan ƙaiƙayi mai laushi a kowace, don kada ta tsage in ta bushe. Fanna ce ke zuba ruwa, shi yana cuɗawa, yana ƙorafin bayansa, amma ya ƙi bari kowa ya karɓe shi. Ya lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu ya ce a bar su su kwana biyu su tsima. Duk wanda ya gifta ta wurin sai ya ce masa ya yi a hankali.

Ranar Alhamis aka fito da 'yan aji biyar gindin darbejiyar makaranta, aka shimfiɗa buhunan siminti. Baba Ari ya naɗe hannun riga ya zauna a tsakiya. Suka raba aiki da Malama ba tare da sun yi shawara ba, ita tana faɗin sunan kowane hawa da abin da ke cikinsa, shi yana nuna yadda za a yi.

Aka fara da farar ƙasa, kowa ya mulmula ɗan curi kamar ƙwallon goruba, shi ne curin ƙarfen tsakiya. Aka lulluɓe shi da yumɓun ɗorawa, narkakken ƙarfe ke nan. Sannan jar ƙasa mai kauri.

"Wannan shi ne mantiletan," in ji Baba Ari.

Yara sittin suka haɗa baki, "Mantul!"

"Na ji. Ku jiƙa yatsa kafin ku ɗora, in ba haka ba ba za ta kama 'yar'uwarta ba. Kada ku matse kamar kuna jin haushinta. A hankali, kamar mai ɗaukar ƙwai."

Da aka zo kan ɓawo aka sami saɓani. Baba Ari ya faɗaɗa baƙar laka mai kaurin ɗan yatsa zai naɗa. Malama ta ce ya yi kauri, ɓawon ai siriri ne, kamar fatar albasa.

"Haba Malama. A nan fa na yi shekara arba'in. Ki bar mini ɗan wurin juyawa."

"Baba, in na bar maka, jarrabawa ba za ta bar musu ba."

Ya rage rabi yana gunaguni. Ta ce a ƙara ragewa. Ya ƙara, har lakar ta koma kamar takarda, ya shafa ta a hankali ta rufe curin ruf. Ya daɗe yana juya shi a tafin hannu yana kallon siririn baƙin nan.

Ya hana a jira bushewa. Ya ce wuƙa ce ke farfasa busasshiyar laka, da ɗanyenta ake yanka ta, kuma da zare. Ya fito da zare mai ƙarfi daga aljihu, ya zagaya shi a tsakiyar curin Fanna, ya sarƙe bakin biyu ya ja. Curin ya rabe biyu sumul. Ga fari a tsakiya, ga ɗorawa, ga ja, ga ɗan baƙin zobe a gefe, kowanne a wurinsa. Yaran suka yi shewa, suka yo kansa kowa na miƙo nasa. Fanna ta ɗaga nata sama tana faɗa wa na kusa da ita, da ƙarfi yadda kowa zai ji, cewa kakanta ne.

Ba duka suka yi kyau ba. Wata yarinya mai surutu, Shamsiyya, curin tsakiyarta ya gudu gefe guda har ya kusa leƙowa waje.

"Ke, a taki duniyar ai mutanen wannan gefen sun soyu," in ji Baba Ari.

Malam Ɗalha ma ya tsuguna ya gwada tasa, ta fito doguwa mai tsini.

"Kowa da irin tasa," in ji tsohon. "Ta Fulani ko duniya ce sai ta rame."

Ana cikin wanke hannu Shamsiyya ta tsaya a gabansa. "Baba, to yanzu akwai wutar ko babu?"

Malama ta yi kamar tana tattara zare, amma kunnenta na wurin. Baba Ari ya goge hannu a buhu, ya yi gyaran murya.

"Inda na je, babu. Wannan na gani da idona. Amma akwai wata shekara a ƙasar Barno, na sami wani bututu mai zurfin gaske, ruwansa na fitowa da zafi tun da asuba. Tun a lokacin na ce a raina, lallai akwai wani abu a can ƙasa."

"Ya Kaka ta ce cewa ka yi rana ce," in ji Fanna. "Kuma hularka ta faɗi."

"Ke da kakarki ba a sirri da ku."

Malama ta yi ta dariya har da hawaye. Ta yi masa godiya, ta ce yau ita ma ta yi karatu. Ya ce ta jera su a inuwa, ta rufe da buhu, kada ta kuskura rana ta gan su sai bayan kwana huɗu, zai zo ya duba, kuma in ya tarar da ko ɗaya a taga zai kai ƙararta wurin wannan Bafillacen.

Da aka tashi suka kamo hanyar gida tare, Fanna na riƙe da sandarsa, shi yana riƙe da rabin duniyarta a tafin hannu don ta ce shi ya fi iya riƙewa. Babbar rigar Juma'a ta sha jar ƙasa har wuya, ya san abin da ke jiransa a gida, saboda haka ba ya sauri. Sun kusa shiga lungunsu ya tsaya ya hutar da gwiwa.

"Amarya, shi kuma wata, me ke cikinsa?"

"Ba mu zo nan ba. Wataƙila sai aji shida."

"To in kun kusa zuwa ki gaya mini da wuri, in san irin ƙasar da zan nema."